Wuƙar Aljihu a Matsayin Matani: Darasi a kan Suna da Tambari

Gabatarwa

Bayan rasuwar kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, an buɗe akwatinsa na ƙarfe a Tasawa domin rabon gado. A ƙarƙashin manyan riguna aka tsinci wata ƴar wuƙa mai ninkewa, baƙa, siririya, wadda ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Babu wanda ya neme ta cikin magada, sai wani kawuna ya miƙo mini ita yana cewa, "Ɗan lakwal, ga rubutun Nasara a jikinta, kai ka san kansa." A jikin ƙotar akwai zanen wata halitta mai doguwar hula mai tsini, jikinta kamar tarin ganye, ƙafafu biyu a waje. Kusa da zanen an rubuta DOUK-DOUK. Muna yara mun san ta da "wuƙa mai dodo". Shi kuwa tsohon yakan ce sunanta duk-duk, saboda duk-duk take yi: ta fiƙe alƙalami, ta yanke igiya, ta fere rake, ta gyara farce.

Neman asalin wannan suna ya kai ni ga duniyar masu tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu, mutanen da ke bin kasuwannin gwanjo a Turai da Amurka suna neman wuƙar da aka ƙera shekara hamsin ko ɗari da suka shige. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda aikinsu ya yi kama da namu. Mai tara wuƙaƙe yana karanta wuƙa kamar yadda ɗalibin harshe yake karanta tsohon matani: wa ya raɗa mata suna, daga wane harshe sunan ya fito, me tambarinta yake faɗa a kan shekarunta, wane ɓangare ne na asali, wane ne aka sake daga baya. Wannan maƙala za ta bi hanyarsu, domin mu ga abin da wuƙar aljihu za ta koya mana a fannin nazarin sunaye da ilimin ma'ana, sannan mu duba aikin da ya rataya a wuyanmu game da ƙirar gida.

Wace ce wuƙar aljihu?

Wuƙar da Bahaushe ya gada ba ta ninkewa. Tana da ruwa, wato ƙarfen da ke yanka, tana da ƙota, tana da kube na fata, ana ɗaura ta a ƙugu ko a damtse. Daga wannan wuƙa da yayanta takobi harshenmu ya ɗebo maganganu da dama. Idan aka damƙa wa mutum cikakken iko sai a ce an ba shi wuƙa da nama. Mutumin da ba ya magana biyu kaifi ɗaya ne. Idan gwarzo ya faku sai a ce takobi ya yi kwanan kube. Hatta basira muna auna ta da kaifi, muna cewa ta dakushe idan an bar ta ba a wasa ba.

Ita kuwa wuƙar aljihu ƙotarta ce kubenta. Ruwan yana juyawa a kan ƙusa ɗaya, ya koma ya kwanta a cikin ƙota. A yawancinsu akwai wani siririn ƙarfe mai tauri da ke kwance a bayan ƙotar yana danne gindin ruwan, shi ne yake riƙe shi a buɗe ko a rufe. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, Rumawa ma sun yi amfani da wuƙa mai ninkewa. Sai dai irin waɗanda ake tarawa a yau galibinsu sun fito ne daga garuruwan maƙera na Turai tsakanin ƙarni na 17 da na 20, musamman Sheffield a Ingila, da Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa.

Tun daga sunan abin kansa darasi ya fara. Ingilishi yana da harɗaɗɗen suna na ƙaramar wuƙar aljihu wanda ma'anarsa ita ce "wuƙar alƙalami", domin a zamanin da ake rubutu da gashin tsuntsu da ita ake fiƙe bakinsa. Kalmar Faransanci canif ita ma aikinta na farko ke nan. Alƙalamin gashin tsuntsu ya daɗe da ɓacewa, sunan yana nan. Duk wanda ya ga almajiri yana fiƙe alƙalamin gamba ya ga aikin da ya haifi waɗannan kalmomi. A Sifaniyanci ana kiran wuƙa mai ninkewa navaja, daga kalmar Latin novacula, wato aska. A nan ma'ana ta faɗaɗa daga kayan aikin wanzami zuwa wuƙar makiyayi da manomi. Namu sunan ma, "wuƙar aljihu", rabinsa aro ne, domin aljihu daga Larabci ya zo mana tare da ɗinkinsa.

Hanyoyin raɗa wa wuƙa suna

Idan aka jera sanannun wuƙaƙen gargajiya za a ga sunayensu sun bi hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ita ce sunan mutum. A shekarar 1890 wani matashi ɗan maƙera mai suna Joseph Opinel, a yankin duwatsun Savoie na Faransa, ya fara ƙera wata wuƙa mai sauƙi mai ƙotar itace domin manoma. A 1897 ya fitar da ita a girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa lamba 12. Har yau da lamba ake kiransu, kuma lamba 8, mai ruwan santimita 8.5, ita ce ta fi shahara. A 1985 gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya sanya ta cikin kayayyaki ɗari mafiya kyan tsari a duniya, kuma a 1989 sunan ya shiga ƙamus ɗin Larousse. Sunan iyali ya zama kalmar ƙamus. Haka ya faru da Barlow, sunan wani gidan maƙera na Sheffield tun ƙarni na 17. Bayan ƙarni biyu masana'antu da yawa a Amurka suna ƙera "barlow" ba tare da wata dangantaka da gidan ba, domin kalmar ta koma sunan siffa: wuƙa mai dogon ƙarfe a wuyan ƙota. Marubuci Mark Twain ya ambace ta a littafinsa na Tom Sawyer na 1876 a matsayin abin da kowane yaro ke burin mallaka.

Hanya ta biyu ita ce sunan wuri, kamar Laguiole, wadda za mu tsaya a kanta a gaba.

Hanya ta uku ita ce ƙirƙira ta hanyar haɗa gutsattsarin kalmomi. Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach ta ƙasar Suwis a 1884. Da mahaifiyarsa Victoria ta rasu a 1909 sai ya sa wa kayansa sunanta. A 1921, bayan an fara aiki da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Faransanci ke taƙaitawa da inox, sai aka haɗa biyun aka samu Victorinox. Ɗalibin ƙirar kalma zai lura cewa an datse wutsiyar kalmar farko aka manna ta biyu, ita kanta ta biyun datsattsiya ce.

Hanya ta huɗu ita ce ɗauko suna daga nesa domin jan hankalin mai saye. A 1902 aka fara ƙera wuƙar Okapi a Solingen domin kasuwannin Afirka. Okapi dabba ce ta dajin Kwango, ƴar'uwar raƙumin dawa, wadda masanan Turai ba su tabbatar da ita ba sai a 1901. Sunan yana bakin jaridu a lokacin, sai maƙeran Jamus suka kama shi. A 1988 aka mayar da ƙirar wuƙar zuwa Afirka ta Kudu.

Wuƙar kakana tana cikin wannan rukuni. Masana'antar Cognet ta garin Thiers ce ta fara ƙera ta a 1929, da nufin sayar da ita a tsibiran Melanesiya da ke tekun Fasifik. Duk-Duk sunan wata ƙungiyar asiri ce ta mutanen Tolai na tsibirin New Britain, a ƙasar Papuwa Sabuwar Gini ta yau, kuma zanen da ke jikin ƙotar siffar mai rufe jiki da ganye ce da ke fitowa a bukukuwansu. Ashe mu yara ba mu yi nisa da gaskiya ba da muka kira shi dodo. Kasuwar tsibiran ba ta karɓi wuƙar ba, sai aka karkata da ita zuwa Arewacin Afirka, inda ta samu shiga ƙwarai saboda araha da kaifi, daga can ta gangaro kudu da Sahara. Guntaye shida kaɗai ke jikinta: ruwa, ƙotar da aka lanƙwasa daga falle ɗaya na ƙarfe, ƙarfen danna ruwa, ƙusa biyu, da ɗan zoben rataya.

Masana'antar ta kuma fitar da wani nau'i mai farar ƙota da ta kira El Baraka. A wurin da dodon yake sai aka zana adon nan da maƙeran Abzin ke yi da azurfa, wanda Faransawa suka raɗa wa "gicciyen Agadas". Ba wuya a gane hikimar ɗan kasuwa a nan: ga mai saye Musulmi, kalmar albarka da adon da ya saba gani sun fi zanen wata halitta daɗin ɗauka a aljihu. Ke nan a kan wuƙa ɗaya an haɗa ƙarfen Faransa, da kalmar Larabci, da tambarin Agadas.

To yaya za mu yi da bayanin tsohon, cewa duk-duk take yi? Ta fuskar tarihin kalma ba daidai ba ne. Ta fuskar nazarin harshe kuwa shaida ce mai daraja. Kunne yakan ƙi sautin da ba shi da ma'ana, sai ya nema masa dangi a cikin harshen gida. Sautin baƙon sunan ya faɗo daidai kan kalmar Hausa "duk" da aka ninka, aikin wuƙar kuma ya gaskata fassarar. Wannan shi ne abin da muke kira asalin kalma na jama'a, kuma wajibi ne mai bincike ya rubuta shi kusa da asalin tarihi, kowanne da matsayinsa.

Idan sunan gari ya zama na kowa

Laguiole ƙauye ne a kan tudun Aubrac a kudancin Faransa, mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Rubutun sunan yana yaudarar mai karatu, domin "Layol" ake furtawa, bisa harshen Oksitan na yankin. Gaɓar farko, la, asalinta ƴar kalmar fayyace suna ce da ta manne da shi. Mun san wannan a gida: al- na Larabci ya manne a alƙalami da almakashi da aljihu, l- na Faransanci ya manne a lakwal.

Bisa abin da aka saba faɗa, a 1829 aka fara ƙera wuƙar da ta ɗauki sunan ƙauyen. Siririya ce mai ɗan lanƙwasa, ƙotarta ta ƙahon sa. Daga baya aka ƙara mata wani tsinken ƙarfe da makiyayi ke huda cikin saniyar da ta kumbura saboda ɗanyar ciyawa. A kan ƙarfen bayanta akwai ɗan ado mai siffar ƙwaro. Masu saye suna cewa zuma ce, maƙera kuwa a bakin sana'arsu "ƙuda" suke kiran wannan gurbi tun kafin a fara yi masa siffa. Akwai labarin da ƴan kasuwa ke so, wai Napoleon ne ya ba ƙauyen alamar zuma saboda jaruntaka, amma masu bincike sun ɗauke shi almara.

A ƙarni na 20 ƙira ta yi rauni a ƙauyen, masana'antun Thiers suka ci gaba da yin wuƙar da sunanta, daga baya kuma aka cika kasuwa da masu araha daga Asiya, duk ana kiransu Laguiole. A 1987 aka sake buɗe maƙera a ƙauyen. Sai ga shi a 1993 wani ɗan kasuwa daga yankin Paris ya yi rajistar sunan a matsayin tambarinsa na kayayyaki iri-iri. Aka shiga shari'a. A 2012 wata kotu a Paris ta yanke cewa kalmar ta zama suna gama-gari na wani nau'in wuƙa. A watan Satumba na wannan shekara mutanen ƙauyen suka kwance allon da ke ɗauke da sunan garinsu a bakin hanya, domin nuna cewa an raba su da shi. Daga baya manyan kotuna sun soke da yawa daga cikin rajistocin ɗan kasuwar, kuma wata doka ta 2014 ta buɗe ƙofar kare sunan wuri ga kayan sana'ar hannu, ba kayan gona kaɗai ba.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne tambayar da aka ɗora wa alƙalai tambayar ilimin ma'ana ce tsantsa: idan Bafaranshe ya ce laguiole, wuri yake nufi ko siffa? Sauyawar sunan yanka zuwa suna gama-gari abu ne da muke koyo a aji da misalai irin su omo, da magi, da bik, waɗanda suka fara a matsayin Omo da Maggi da Bic kafin su zama sunan kowane garin wanki, da kowane dunƙulen miya, da kowane abin rubutu. A aji misali ne na jarrabawa. A Laguiole kuwa abincin maƙera ne ya rataya a kan amsar. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, domin irin wannan tunani ne ya sa aka nema wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a hukumar OAPI, don kada sunan ya zama na duk wanda ya ga dama.

Karatun tambari

A gindin ruwan wuƙa, kusa da ƙusa, maƙeri yakan buga tambarinsa. A nan mai tarawa yake fara kai idonsa, sau da yawa da gilashin ƙara girma. A Sheffield ƙungiyar maƙeran wuƙa da aka kafa a 1624 ita ce take rajistar tambura a da, don kada wani ya ci da sunan wani. Gidan George Wostenholm ya shahara da tambarin I*XL, haruffan da idan aka furta sunayensu da Ingilishi suke ba da jimla mai ma'anar "na yi fice". Wasan sauti ne da haruffa, irin wanda matasa ke yi yau a saƙon waya. Tambarin Opinel kuwa, wanda aka yi wa rajista a 1909, hannu ne mai yatsu uku a miƙe da kambi a samansa, an ɗauko hannun daga alamar garin Saint-Jean-de-Maurienne.

Babbar ƙa'idar da masu tarawa ke aiki da ita ita ce: abu ba ya girmar abin da ke jikinsa. Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield a 1913, don haka ruwan da aka buga wa inox ko rostfrei ba zai riga wannan shekara ba. An ƙara wa Opinel zoben kulle ruwa a 1955, don haka mai zobe ba ta girmi 1955 ba. A shekarar 2000 aka gyara zoben ya riƙa kulle wuƙar ko tana rufe, wannan ma wata iyaka ce. Dokar harajin shigo da kaya ta Amurka ta 1890 ta tilasta rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito, shi ya sa kalmar England a kan wuƙar Sheffield take nuni ga bayan wannan lokaci. Tambarin W. Germany na zamanin rabuwar Jamus ne, tsakanin 1949 da 1990. Masana'antar Case ta Amurka ta sauƙaƙa aikin: a 1970 ta buga ɗigo goma a ƙarƙashin sunanta, kowace shekara tana cire ɗaya, har ya rage ɗigo ɗaya a 1979.

A lura cewa yawancin waɗannan shaidu gefe ɗaya suke rufewa. Zobe yana tabbatar da cewa wuƙa ba ta riga 1955 ba, amma rashin zobe ba ya tabbatar da cewa ta riga, domin ƙananan lambobin Opinel har yau ba su da shi. Wannan ita ce ƙa'idar da muke bi wajen kalmomin aro. Waƙar da aka ambaci kamiyo a cikinta ba ta riga zuwan motar Faransawa ba, amma rashin kalmar aro a waƙa ba ya mayar da ita ta zamanin Bawa Jangwarzo.

Tambari kuma yana iya yin ƙarya. Akwai masu goge sabon tambari su buga tsoho, akwai masu ɗora ruwan wata wuƙa a ƙotar wata. Shi ya sa gwani ba ya yarda da shaida ɗaya. Yakan gwada tambari da irin ƙarfen, da abin da aka yi ƙotar da shi, ƙashi ne ko ƙaho ko roba, da yadda aka daddale ƙusoshi. Idan ɗaya ya saɓa wa sauran, akwai magana. Duk wanda ya taɓa zama a sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar IRSH a Yamai ya san wannan hanya: ana duba hannun marubuci, da tawada, da tambarin da ke ɓoye cikin takarda, kamar jinjirin wata uku na takardun da ake kawowa daga Italiya, kafin a yanke hukunci a kan shekarun littafi.

Tsatsa da shaidar tsufa

A nan zan faɗi kuskurena. Ranar da na karɓi wuƙar kakana na ga ruwanta ya yi duhu, sai na samu yashi da lemun tsami na dirje shi har ya yi fari. Na yi murna. Sai daga baya na gane cewa ruwan Douk-Douk yana ɗauke da wani siririn zanen ado, kuma rabinsa ya tafi tare da yashin. Abin da shekaru da yawa na aiki ba su goge ba, na goge shi cikin minti goma.

Masu tarawa suna bambanta abu biyu. Akwai jar tsatsa mai cin ƙarfe tana barin ramuka, wannan cuta ce, ana tsayar da ita da ɗan mai da ƙyalle mai laushi. Akwai kuma duhun da baƙin ƙarfe ke yi sannu a hankali saboda gumin hannu da ruwan ƴaƴan itace, wannan yana ɗan kare ƙarfen, kuma shi ne shaidar tsufansa. Wuƙar da aka goge ta koma kamar sabuwa darajarta faɗuwa take yi a wurinsu. Ƙa'idarsu ita ce a tsabtace, a ɗiga mai a gaɓa, a ajiye a busasshen wuri, kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba.

Suna kuma da yarensu na sana'a. Masu tarawa na Amurka sukan ce wuƙa mai lafiya tana "tafiya" tana "magana": tafiyar ita ce santsin da ruwa ke yi wajen buɗewa, maganar ita ce ƙarar da yake yi idan ya faɗa mazauninsa. Faransanci yana ba ruwan wuƙa baya da diddige. Hausa ta ba shi baki da gindi. Harsuna uku da ba su yi shawara da juna ba duk sun auna wuƙa da jikin mutum, abin da ke ƙarfafa ra'ayin masu cewa jiki shi ne ma'aunin farko da ɗan'adam ke siffanta abubuwa da shi.

Darasin yashi ya wuce wuƙa. Sau nawa ɗalibi yakan naɗo maganar dattijo a Tibiri ko Madawa, ya ji ya ce hwawa da hiƙe, sai ya zo rubutawa ya mayar da su fawa da fiƙe domin su yi "tsabta"? Wannan dirza ce. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, amma a cikin bayanan bincike karin harshen mai magana shi ne zanen da ke jikin ruwa.

Aikin da ke gabanmu

Na iya gano gari da shekarar da aka fara ƙera wuƙar kakana, da asalin sunanta a wani tsibiri mai nisan dubban kilomita, saboda an buga mata tambari kuma wasu sun ajiye tarihinta a rubuce. A cikin akwatin nan kuwa akwai wata wuƙar, ta gida, mai kube na jar fata, wadda ta fi ta Thiers kyau nesa ba kusa ba. Ba ta da tambari. Na tambayi duk dattawan gidan, babu wanda ya tuna maƙerin da ya yi ta. Maƙeran ƙasar Hausa ba su saba buga suna a ƙarfe ba. Tarihin aikinsu a baki yake, a gidajen Sarkin Maƙera, da wurin Sarkin Aska da Sarkin Fawa waɗanda ke aiki da abin da aka ƙera. Wuƙaƙen masana'anta masu araha suna cika kasuwanni, reza ta rage wa aska aiki, kuma idan sana'a ta ja baya kalmominta ne ke fara tafiya.

Saboda haka nake ba ƴan'uwana ɗalibai shawarar wani ƙaramin aiki da ba ya bukatar kuɗi. A hutu mai zuwa kowa ya nemi maƙera ɗaya a garinsu, ko a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Dogon Dutsi. Ya yi sallama, ya bayyana nufinsa, ya nemi izini kafin ya naɗi murya ko ya ɗauki hoto. Ya fara da abin da ya sani, zugazugi, uwar maƙera, masaba, awartaki, magagari, gawayin ƙirya, ya ji ko haka suke kiransu a can. Sannan ya ɗauki wuƙa ya bi ta gaɓa-gaɓa yana tambaya: mene ne sunan wutsiyar ƙarfen da ke shiga ƙota? Me ake kiran tsoma jan ƙarfe a ruwa? Wuƙa iri nawa ce, ta mahauci, ta dukawa, ta mafarauci, kuma da me ake bambanta su? Yaya mutanen garin ke kiran wuƙa mai ninkewa, kuma wane bayani suke ba sunan? Ya rubuta kowace kalma yadda aka furta ta, da jinsinta, da jam'inta, da garin da aka ji ta. Idan ya ga tsohuwar wuƙa a hannun dattijo kada ya nemi saye, ya tambayi wanda ya ƙera ta, ya rubuta sunan tun akwai mai tunawa. Idan ɗalibai ashirin suka yi haka za mu samu abin da za a kwatanta tsakanin Gobiranci da Katsinanci da Damagaranci da Adaranci da Arewanci a fanni guda na sana'a.

Kammalawa

Wannan maƙala ta duba wuƙar aljihu ta gargajiya ta fuskar harshe. An ga yadda sunayenta ke fitowa daga mutum, ko wuri, ko haɗin kalmomi, ko aro daga nesa. An ga yadda sunan yanka ke zama gama-gari, da abin da hakan ya jawo wa mutanen Laguiole. An kuma ga yadda ake gano shekarun wuƙa daga tambari da kayan haɗi, bisa ƙa'idar da muke amfani da ita a kan kalmomin aro da tsofaffin littattafai. Wuƙaƙen kakana biyu suna wurina, na naɗe su a ƙyalle mai ɗan mai. A takardar da na ajiye tare da ta Thiers na rubuta asalin sunanta daga tsibirin New Britain, a ƙarƙashinsa kuma na rubuta bayanin tsohon yadda ya faɗe shi. Takardar mai jan kube tana ɗauke da tsawonta, da irin itacen ƙotarta, da garin da aka same ta, an bar gurbin sunan maƙeri. A hutun bana zan je da ita unguwar maƙera a Tasawa, ko Allah zai sa wani dattijo ya gane hannun da ya yi ta.